Ranar da Sabo Ta Yi wa Baba Kuka

Zuwa ga Yaya Tijjani,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta ƙanwa ga wanta, ina fatan wannan saƙo zai same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Zulai da yara, da ɗaliban da kake koya wa wasan kwaikwayo can Kaduna. Mu nan unguwar Sabo a Ibadan muna nan lafiya. Damina ta kankama, kwatar ƙofar gida ta sake cika, jikin Inna kuma yau da sauƙi gobe babu.

Na san ranka zai ɓaci da ka ga na rubuto maka a nan, inda kowa zai karanta. Ka yi haƙuri, na gwada waya. In zancen makarantar yara ne ko maganin Inna, muryarka tangaran take fita kamar kana ɗakin gaba. Da na ce Salisu, sai sabis ɗin Kaduna ya ɗauke. Tun ina zagin kamfanin waya har na gane ba laifinsu ba ne. Tunda kai ma a gaban jama'a ka yi taka maganar, bari in yi tawa a gabansu.

Ka tuna tsakar gidanmu muna yara? Kai ne mai shirya wasa. Ka rataya zanin Inna a igiyar shanya ka ce labule ne, ka tara yaran layi su zauna a kan turmi da bokitai. Kai ne sarki kullum, ni mai tallan ƙosai, autanmu Salisu kuwa duk abin da ya rage shi ake ba: ɓarawo, jaki, gawa. Bai taɓa musu ba. In ka ce ya mutu, sai ya miƙe a siminti ya rufe ido, ƙudaje na bin fuskarsa, ba zai motsa ba sai ka ce an tashi. Inna takan leƙo daga madafa ta ce, Tijjani, ka tayar mini da yaro haka nan.

Abin da zan faɗa yanzu ka san shi sarai, amma zan jera maka shi yadda ya faru, don na lura ƙwaƙwalwarka tana da zaɓe.

Baba dillalin kayan gwari ne a kasuwar Shasha, kuma mai masaukin baƙi. Manoma da fatake daga Arewa su turo motar tumatir da sunansa, ya sauke, ya sayar, ya ba su wurin kwana da tuwo a zaurenmu. Mutum ne mai kyauta da riƙon amana, ban taɓa hana masa wannan ba. Amma yana da taurin kai da son girma, kai ma ka sha bulalar shaidar haka.

Shekarar da aka sake tsarin wurin sauke kaya, sai aka ba wani tsohon yaronsa bakin titi, shi kuma aka tura shi can baya wajen taɓo. Baba ya rantse a gaban 'yan dako cewa ba za a sauke kwando ɗaya na baƙinsa a bayan yaron da ya raina da hannunsa ba. Mota ta iso cike da tumatir, ya ce a bar ta a rufe da tamfol sai shugabannin kasuwa sun mayar masa da wurinsa.

Kai kana jami'a a lokacin, sai ƙarshen mako muke ganinka. Ni ina gida. Salisu, wanda ke tsaya wa Baba a kan kaya tun da ya gama sakandare, ya dawo da rana tsaka ya durƙusa a ƙofar ɗakin Baba. Ina wanke-wanke, Inna tana tankaɗe a kan tabarma. Ya ce, Baba, kayan nan sun fara ɗiga, a bar ni in sauke ko a taɓon ne. Baba ya ce duk wanda ya taɓa igiyar tamfol ɗin nan ba ɗansa ba ne. Salisu ya tashi ya koma kasuwa ya zauna gadin mota.

Rana ta yi, ruwa ya sauka, rana ta sake yi. Ranar da aka buɗe motar sai da 'yan dako suka ɗaure hanci. Masu kaya suka zo har zaurenmu, dattawa ne, ɗayansu noman shekararsa ke nan ya zama ruwa. Baba ya dubi mutanen da suka daɗe suna cewa amanarsa ba ta da ta biyu, sai ya kasa faɗin gaskiya. Ya ce ya bar yaro a kan kaya, yaro ya tafi yawonsa. Ya kira Salisu ya kore shi a gabansu. Ina bayan ƙyaure ina gani. Salisu ya dubi ƙasa, ya ɗauki takalmansa a hannu ya fita, bai ce uffan ba.

Ya koma yaron mota, yana bin manyan motocin da ke zuwa Arewa. Bai cika shekara ba motarsu ta kife a hanyar Ogbomosho. Kai ka je ka karɓo gawarsa.

Daga nan Baba bai sake taka Shasha ba. Yana zaune a zaure, a kai abinci a dawo da shi, har rigunansa suka yi masa yawa. Wata la'asar, gab da rasuwarsa, Inna ta tafi barka a maƙwabta, ya kira mu ni da kai. Ya ce, ni na hana a sauke kayan nan, ƙarya na yi wa yaron nan, ku faɗa wa mutane. Hannunka ya riƙe, Yaya, don kai ne babba. Kai kuma ka ce masa, Baba, in Allah ya yarda Sabo gaba ɗaya za ta ji.

Shi ya sa da ka zo mini da zancen wasan da za ka shirya na kammala karatu, na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Ka zauna kusa da keken ɗinkina kana yi mini bayani, hannu na yawo a sama yadda ka saba. Ka ce tun zamanin dā mutanen Girka suna da irin wasan da ake nuna babban mutum ya fāɗi da hannunsa, jama'a su taru su ji tausayinsa, su ji tsoro, su yi kuka, su koma gida zuciyarsu a wanke. Ka ce labarin gidanmu irin wannan ne sak. Ni ban san Girka ba, ban ma tabbata inda take ba. Abin da na ji kawai shi ne za a wanke Salisu.

Na ɗinka maka fararen riguna na 'yan amshi, dattawan nan da za su tsaya gefe suna waƙa suna faɗin abin da gari ke tunani. Na lallashi Inna har ta buɗe akwati ta ba ka babbar rigar Baba, mai aikin nan ruwan ƙasa, da jar hularsa. Na riƙa dafa wa 'yan wasanka dafa-duka ina aikawa. Na ce zan zo in ga gwaji, ka ce, Rakiya, ki bari ki gan shi gaba ɗaya, ya fi daɗi.

Kuma ka san matan aure na Sabo ba sa zuwa irin waɗannan wurare haka kawai. Gida gida na bi, na gaida mazajensu, na ce ba rawa ba ce, ba bidi'a ba ce, labarin Baba ne. Na je Shasha na gaya wa tsofaffin abokansa. Na tsallaka Mokola na gaya wa Iya Sikira mai barkono, wadda ta san mu tun muna goye. Rabin zauren makarantar nan da ka kama haya, ni na cika maka shi da ƙafata.

Ranar Asabar ce, bayan azahar. Na zaunar da Inna a layin gaba. Da yaron da ya fito a matsayin Baba ya shigo cikin rigar nan, ya yi gyaran murya sau biyu yadda Baba ke yi kafin ya yi magana, sai zaure ya ɗauki salati. Ka canza sunaye, na sani, amma ko jariri a wurin ya san wa ake nufi. Inna ta kama hannuna ta matse.

Sai aka zo wurin mota. Na gyara zama. Na ji uban da ke kan dandamali ya ce wa ɗansa, ka sauke kayan nan kafin rana ta yi zafi, ni zan je wajen shugabanni in nemi haƙƙina. Na ga uba ya fita. Na ga ɗa ya yi miƙa, ya dubi hagu da dama, ya ji ihun gidan kallon ƙwallo, ya sulale ya bi. Mutane suka kwashe da dariya. Wani a bayana ya ce, yaran zamani ke nan. Salisu, Yaya. Salisu da ko sunan ɗan ƙwallo ɗaya bai sani ba, wanda duk abin da ya samu a dawar tantabarunsa yake ƙarewa.

Na ce wa kaina in jira, wataƙila dabara ce irin taku ta masu ilimi, gaskiya tana gaba. Na jira aka yi korar. Na jira ɗan aike ya shigo da gudu ya ba da labarin haɗari. Na ga uba ya cire hula ya jefar, ya zube a ƙasa cikin rigar Baba, 'yan amshi suna zagaye shi a hankali cikin rigunan da na ɗinka. Ya ɗaga kai ya ce, na yi hukunci cikin fushi, da ma na yi haƙuri da kuskuren yaro. Shi ke nan ikirarin. Aka ja labule.

Ban taɓa ganin kuka irin na ranar ba, ko a gidan mutuwa. Alhazan Shasha suna share ido da hannun riga. Matan da na roƙo musu izini suna sheshsheka cikin hijabi. Iya Sikira ta ɗora hannu a ka tana cewa, o ma she o, Baba, wato Allah sarki da yarensu. Har tsohon yaron nan da aka ba bakin titi ya zo, shi ma yana ta jan hanci. Duk hawayen nan na Baba ne. Na saurara da kyau, ban ji bakin da ya ce Allah ya jiƙan yaron ba.

Na same ka a bayan dandamali, malamanka suna ta ba ka hannu, gumi ya jiƙa maka riga, fuskarka kamar ango. Da ka gan ni sai ka ja ni gefe. Ban manta kalmominka ba. Ka ce, Rakiya, mai kallo ba ya tausayin maƙaryaci. Ka ce dole jarumin irin wannan wasa ya zama mutumin kirki da kuskure ɗaya ya kayar, in na sa Baba ya yi wa ɗansa ƙazafi tsanarsa za su yi, wasa ya mutu. Ka ce gaskiyar dandamali daban, ta gida daban. Ni kuwa sai na karɓi rigar Baba na ninke na fita.

Na yi shekaru ina juya maganar nan a kan keken ɗinki. Ban ce ba ka san aikinka ba. Ka sani, har ya yi yawa. Ka auna daidai yawan laifin da mutane za su iya yafe wa babban mutum, ka bar wa Baba wannan, ragowar kuma da ta fi nauyi ka duba wa za ka ɗora wa, sai ka ga Salisu a kwance ba zai yi musu ba. Sau biyu ke nan ana yi masa ƙaryar nan. Ta farko Baba ya yi ta cikin kunya da firgici a gaban mutum huɗu ko biyar, ya kuma mutu yana nadama. Taka kuwa da natsuwa ka zauna ka tsara ta, ka yi wata da watanni kana koya wa yara yadda za su faɗe ta da kyau.

Kuma wa ya ce maka Baba na gaskiya bai isa a tausaya masa ba? Mutumin da ya ji kunyar baƙinsa har ya sadaukar da ɗansa, sannan ya zauna a zaure loma ta ƙi wuce masa wuya har ya mutu. Ni na san duk abin da ya yi, ina bayan ƙyaure, amma ni nake wanke masa kaya, ni nake dama masa kunun da ba ya sha, kuma Allah ya sani tausayinsa har ciwo yake sa mini. Da ka nuna wa mutane wannan Baban, wataƙila da sun yi shiru maimakon kuka, wataƙila wasu su fita ransu a ɓace. To, sai me? Ba maki ya aike ka nema ba ranar da ya riƙe hannunka.

Wani lokaci, in fushin ya ɗan lafa, nakan ce wataƙila ba don malamai ka yi ba. Kai ka je Ogbomosho kai kaɗai, kana saurayi, ka buɗe mayafi ka ce shi ne. Ka dawo ba ka yi magana da kowa ba har aka share makoki. Wataƙila da ka rasa ƙane, sai ka kasa jure rasa uban da ka taso kana alfahari da shi, ka gina wani a kan dandamali wanda za ka iya ci gaba da so ba tare da ciwo ba. In haka ne na fahimta, Yayana. Ni ma na so a ce wancan ne Babanmu. Amma fahimta ba ta hana ni jin cewa ka ci amanata, ka ci ta Baba, ka ci ta wanda ba ya nan balle ya kare kansa.

Na yi iya ƙoƙarina. Duk matar da ta kawo ɗinki ta ɗauko zancen wasan, sai in ajiye almakashi in ba ta labari yadda yake. Su saurara, su gyaɗa kai, su ce Allah sarki, 'yar'uwa ce, dole ta kare nata. Bakina ɗaya ne, kai kuwa kana da fitilu da ganguna da 'yan amshi. Faifan bidiyon wasan ya shiga wayoyin mutane, yana nan yana yawo har yau. Na taɓa ji da kunnena wata uwa a layinmu tana ce wa ɗanta ya tsaya a shago kada ya zama Salisu. Na haɗiye wannan ma, na ce Allah yana gani.

Abin da ya sa na kasa haɗiyewa yanzu, Inna ce.

Ka san mantuwa ta kama ta. Takan nemi carbinta yana hannunta, takan kira 'yata Fati da sunana. Wata rana Fati ta kunna mata faifan a waya don ta ɗebe mata kewa, tun daga nan kullum sai ta ce a kunna mata Malam, yadda take kiran Baba. Ba labarin take bi ba da farko, rigar take kallo tana tafiya, tana jin gyaran muryar nan tana murmushi. Na bar ta, don shi kaɗai ke sa ta zauna ta ci abinci. Ban san abin yana shiga yana zama ba.

Makon jiya na shiga ɗakinta bayan la'asar, ta idar da salla tana addu'a a bayyane yadda ta saba. Ta roƙa wa Baba rahama, ta roƙa maka buɗi, ta roƙa mini zaman lafiya. Sai na ji ta ce, ya Allah ka yafe wa Salisu abin da ya ja wa ubansa.

Na zauna a bakin gado. Na ce, Inna, ba haka aka yi ba. Na tuna mata ranar, tana tankaɗe a kan tabarma, ya shigo ya durƙusa, ya roƙa a bar shi ya sauke. Na tuna mata yadda ta yi kwana da kwanaki ba ta yi wa Baba magana ba bayan korar, yadda take ƙulla ƙuli-ƙuli da gari a leda tana ba direbobi su kai masa. Ta dube ni da idon nan nata da ya fara fari, ta ce, ke Rakiya, ki ji tsoron Allah, ai da idona na gan shi ya tafi kallon ƙwallo.

Na goge faifan daga wayar Fati. Inna ta yi ta kuka tana cewa an ɓoye mata Malam, har yarinyar maƙwabta ta ji tausayinta ta kunna mata a tata wayar. Ba ni da yadda zan yi in goge shi daga Sabo.

Don haka ga abin da nake roƙo, kuma ba shi da yawa. Ban ce ka sake shirya wani wasa ba, na ƙoshi. Ban ce ka ba ni haƙuri ba, wannan tsakaninmu ne, muna da lokaci in Allah ya ba mu rai. Inna ce ba ta da shi. Likita ya ce lokutan da hankalinta ke dawowa raguwa za su yi ta yi. Da hantsi ta fi ganewa, bayan ta sha koko. Ka hau mota ka zo, ka zauna a tabarmarta, ka gaya mata cewa abin da ta gani kai ka ƙirƙira, ka gaya mata abin da Baba ya ce da bakinsa ranar da ta tafi barka. Ni ta ɗauke ni mai gardama tun ina yarinya. Kai kuwa in ka ce ruwa zai sauka, kwashe shanya take yi. Muryarka ma yanzu ta koma irin ta Baba, ko a waya sai gabana ya faɗi.

Ban sani ba ko maganar za ta zauna mata. Wataƙila zuwa yamma ta manta, ta sake cewa a kunna mata Malam. Ko da na wuni ɗaya ne, Yaya, ina so matar nan ta sake sanin ɗan da ta haifa. Ita kaɗai ta rage masa da ni, kuma ga shi ana ƙwace ta ina kallo.

Ka gaida Anti Zulai, ka shafa mini kan yara. Ɗakinka yana nan, zan sa Fati ta share ta shimfiɗa sabon zanin gado. Ina fushi da kai, ban ɓoye ba, amma in ka zo zan yi maka miyar ewedu da amala yadda kake so, don na san Kaduna ba su iya ba.

Allah ya jiƙan Baba, ya karɓi nadamarsa, ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Allah ya jiƙan Salisu, ya haskaka kabarinsa, ya saka masa da shirun da ya yi. Allah ya tausasa zuciyarka, ya kawo ka lafiya. Allah kuma ya sa kafin Inna ta koma gare shi, ta daina nema wa ɗanta gafarar abin da bai aikata ba. Amin.

Ƙanwarka mai jiran isowarka,
Rakiya,
Sabo, Ibadan.